Jakar Ruwa a Hantar Inna

Mahaifina ba ya shiri da kare, kuma duk ƙauyenmu da ke gefen Turba an san shi da haka. Shi ne mai jan salla a masallacin unguwarmu, mutum mai tsantseni har abin ya yi yawa. Na taɓa ganin ya fasa sabon tulu don kawai karen mafarauta ya shinshina bakinsa, bai ma sa harshe ba. Wani maƙwabcinmu ya ajiye kare saboda ɓarayin awaki, Baba ya daina cin abincin gidansa har mutumin ya koma ga Allah. Ba mugu ba ne, wannan zan shaide shi ko a ina. Bai taɓa ɗaga wa Inna hannu ba, ko muryarsa ba a ji. Shirunsa muke tsoro. In ransa ya ɓaci sai ya naɗe buzunsa ya tare a zaure, a yi kwana bakwai gidan kamar an yi rasuwa.

Shekarar da na dawo gida goyon cikin fari, ita ce shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana shirin fitar da kai. Kullum da la'asar maza na zaune bakin masallaci suna kallon gabas, hadari ya haɗu ya yi baƙi, iska ta zo ta kwashe shi. Da kaka ta zo babu abin yankewa. Ba a jima ba tumakinmu suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ba a bari su yi mushe, da an ga tunkiya ta kasa tashi sai Baba ya sa mata wuƙa a waje, a shigo da ita cikin gida. Nama babu ko ɗigon kitse, a yanyanka a rataye a igiya ya bushe.

Inna ce mai gyaran kayan ciki, ni kuma ina zaune kusa da ita da ƙaton cikina, ba abin da nake tsinanawa sai surutu. A nan na fara ganin abin. Hantar wasu tumakin da huhunsu duk ƙulle-ƙulle ne farare, wani kamar ƙwan zabo, wani ya fi. In ta sa wuƙa sai ruwa ya tsarto garau, a ciki kuma ga wata farar fata mai santsi kamar farin dafaffen ƙwai. Inna ta ce ƙishirwa ce ta sa dabbar ta ɓoye ruwa a cikinta. Ban ga dalilin musu ba, mu ma da za mu iya da mun ɓoye. Takan yanke wuraren da abin ya taɓa ta ware su gefe, don mu dai ba ma cin su.

Cikin kwanakin nan ne macen kare ta shigo mana. Makiyayan da ke bayan gari sun kaɗa shanunsu sun yi kudu, suka bar ta. Ja ce, haƙarƙarinta duk a waje, ciki na rinjayarta. Ta biyo wata ɓula a dangar bayan gida ta kwanta ƙarƙashin rumbun Inna, cikin duwatsun da aka ɗora shi a kai. Inna ta ɗauki muciya ta nufe ta. Na ga ta ɗaga, ta tsaya, ta sauke.

"Diba cikinta," ta ce mini. "Ga ki nan da naki. In na kore ta, da wane baki za ni roƙon Allah shi sauke ki lahiya?"

Daga ranar duk abin da aka yanke daga hantar tumaki ƙarƙashin rumbu yake tafiya, da ɗan ruwa a fasasshen kasko. Baba ba ya leƙa bayan gida, wurin murhu ne da turmi da shanyar mata. Ita ma dabbar kamar an gaya mata gidan wa ta shigo, ban taɓa jin haushinta ba ko sau ɗaya. Ta haihu a can, 'ya'yan ba su yi rai ba. Ita kuwa ta yi kusan shekara biyu tana fita tana dawowa, har ranar da ta fita ba a sake ganinta ba. A gindin rumbun nan dai Inna take shanya kuɓewa da ganyen tafasa, kuma ɗan ganyen da ke tsirowa a gindin danga, inda ruwan wanke-wanke ke bi, shi take tsinka ta yi kwaɗo.

Ranar da zan koma ɗakina a Isa da jaririyata, Inna ta ja ni ɗaki ta ce, "Wagga magana tsakanina da ke ta. Ranar da Malam yaj ji ta daga bakinki, ban yahe maki nonona ba."

Na yi dariya, na ce Inna duk a kan kare? Ba ta yi dariya ba. Ta tsare ni da ido har sai da na ce na ɗauka. Duk wanda aka haifa a ƙasarmu ya san nauyin wannan kalma, uwa ba ta furta ta da wasa.

Yarinyar da na haifa tana aji uku a firamare aka sake yin fari, kuma a shekarar Inna ta fara ciwo. Mun yi sakaci, gaskiya, amma kowa ya rame a lokacin, ramarta ba ta ɗauki idon kowa ba. In an zuba tuwo ta yi loma biyu ta ture kwano ta ce ta ƙoshi. Muka ɗauka jikoki take bar wa, don duk iyaye mata haka suke yi a shekarar. Ashe da gaske ƙoshin take yi, babu wurin da abinci zai zauna. Sai da ta kasa daka, ta kasa ɗaura zane a inda ta saba, sannan na matsa mata ta buɗe mini. Gefenta na dama, ƙarƙashin haƙarƙari, ya taso ya yi tauri. An kira wanzami ya yi mata ƙaho. Ya danna wurin ya ce abin a can ciki yake, shi ba zai yi sakiya a inda bai ga baki ba. Har gobe ina yi wa mutumin nan addu'a. A Isa aka duba ta aka ce sai Sakkwato, inda ake hoton ciki.

Muka tafi mu uku, ni da ita da Baba. Hanya duk gonaki ne da gero a tsaye ya bushe bai kai gwiwa ba. Kowane rami mota ta faɗa sai Inna ta cije leɓe ta riƙe gefenta. Numfashinta sama-sama yake, kamar wadda ta hau tudu da tulu.

Da hantsi aka kira mu ɗakin hoton. Baba ya ce ƙafarsa ƙafar matarsa, amma da aka ce za a buɗe cikinta sai ya juya kujerarsa ya fuskanci bango yana jan carbi. Likitan matashi ne, Hausarsa ta wajen Zariya, da wata nas mai taimaka masa. Ya shafa wa Inna wani abu mai yauƙi, ya dinga yawo da kan na'urar a gefenta. Ni ina tsaye wajen kanta, tana riƙe da hannuna. Can ya nuna mini allon. Wani baƙin abu ne zagayayye, sumul, ya kusa cinye hoton duka.

"Jakar ruwa ce a hanta," in ji shi. "Ita ta danne mata ciki, ita ta hana ta numfashi sosai. To amma iri biyu ce, kuma dole in san wacce ce kafin in taɓa ta."

Ya yi mana bayani a hankali, yadda ko Inna za ta gane. Ta farko jaka ce kawai, fatarta siririya, ruwanta tsarkakakke. Mutane da yawa suna da ita har su tsufa ba su sani ba. In ta yi girma irin haka sai a sa allura a zuƙe ruwan, a ranar mutum zai ji sauƙi. Ta biyun gidan tsutsa ce. Ƙwan tsutsar yana fita a kashin kare, ya hau ganye ko hannu ko ruwan sha, mutum ya haɗiye, ya je hanta ya yi shekaru yana gina gidansa. Ita wannan in aka soke ta haka kawai ruwan ya tsiyaya cikin ciki, maƙogwaro na iya toshewa mutum ya tafi kafin a ɗauko magani. In ma ya tsira, an yi shukar tsutsa ke nan a duk cikinsa.

"Yawanci ta tsutsar tana da ƙananan jakunkuna a cikinta, kamar uwa da 'ya'ya," ya ce. "Wannan ban ga ko ɗaya ba, ta fi kama da ta farkon. Sai dai wata kan zo babu 'ya'yan, kuma na'urar tamu ta tsufa. Akwai gwajin jini, amma aikawa ake yi, sai an yi makonni, Mama kuwa kin ga yadda take numfashi. Shi ya sa zan yi tambaya, a gaya mini tsakani da Allah. Kuna da kare a gida? Ko ta taɓa zama inda kare yake kwana?"

Baba bai ko juyo ba. "A'uzu billahi. Likita, shekara arba'in da ɗori ina jan salla. Kare bai taɓa taka gidana ba."

Iyakar saninsa ya faɗa, kuma ya faɗe shi da muryar da ba a yi wa musu. Likita ya dubi Inna. "Mama fa?"

"Kaj ji abin da Malam yac ce," in ji ta.

Ta ɗago ido ta dube ni. Ba harara ba ce, ba kuma roƙo ba. Tuni kawai take yi mini.

Likita ya gyaɗa kai ya ce wa nas ta shirya. Na ji ƙarar yaga leda. Allurar da ta fito doguwa ce kamar tsinken tsire, ban taɓa ganin irinta ba. Nas ta jiƙa auduga da wani jan magani ta fara goge gefen Inna, tana zagayawa daga tsakiya zuwa waje.

Ni kuwa ciniki nake da zuciyata. Ai likita da bakinsa ya ce ta fi kama da ta farkon. Ai shekara tara ke nan, dabbar ma ƙashinta ya zama ƙasa. Ai ni ma na zauna a gidan, na ci kwaɗon, ga ni garau. In na yi magana kuma aka duba aka ga ba komai, na tona wa uwata asiri a gaban mijinta da baƙi, na jawo wa kaina bakin uwa, duk a banza. Tsoro nake ji ta ko'ina. Amma ko na rufe ido fararen ƙulle-ƙullen nan nake gani a ƙarƙashin wuƙar Inna, da yadda ruwan ke tsartowa.

Sai na nemi in bi ta bayan gida. Na ce, "Likita, in tumakin mutum suna da irin wagga jaka ga hanta hwa? Mun yanka da yawa a wancan hwarin."

"Cin naman ba ya sa wa mutum," ya ce, yana sa safar hannu. "Sai da kare a tsakani. Kare ya ci ɗanyar hantar, tsutsar ta girma a hanjinsa, sannan mutum ya ci abin da kashinsa ya taɓa. Tunda babu kare, babu damuwa."

Kamar yana gindin rumbun ya ga komai. Faratan Inna suka shige cikin wuyan hannuna.

"Ke, yi muna shiru," ta ce ƙasa-ƙasa. "Bari likita shi yi aikinai."

Ya karɓi ƙaramar allurar kashe zafi ya yi mata. Ya danna wurin da yatsa ya tambaye ta ko tana ji, ta ce a'a. Ya miƙa hannu, nas ta ɗora masa doguwar. Ya ɗora kan na'urar da hannun hagu yana neman hanya tsakanin haƙarƙari biyu, ya ce wa Inna in ya ce ta riƙe numfashi ta riƙe.

"An yi kare gidanmu."

Ban san muryata za ta fita da ƙarfi haka ba. Da na fara kuma sai na kasa tsayawa. "Mace ta, ta yi shekara biyu ƙarƙashin rumbu. Duk hantar da anka yanke ita anka ba. Nan Inna ka shanya, nan taka tsinkar ganye. Ni na gani da idona."

Ƙarar carbin Baba ta tsaya. Inna ta saki hannuna, ta juya fuskarta ɗaya gefen.

Likita bai yi faɗa ba. Ya mayar wa nas allurar. Ya sa aka juya Inna ta kwanta a gefen hagu, ya jira, sannan aka mirgino ta da sauri ya ɗora na'urar. Ya kira ni da hannu. A cikin baƙin nan da ɗazu babu komai, wasu fararen ɗigo-ɗigo ne ke sauka a hankali, yadda gari ke kwanciya a ruwan gasara. Ya ce yashin tsutsa ke nan, da yana kwance a ƙasa ta inda ba ya gani. Ya murɗa wani abu hoton ya matso, ya bi gefen jakar da yatsa. "Kin ga layi biyu? Ta farkon fata ɗaya gare ta." Ya cire safar ya share goshinsa da bayan hannu. Ashe shi ma ya tsorata.

Ya ce babu allura. Za a ɗibi jini a aika, za ta yi makonni tana shan ƙwayar kashe tsutsa, sannan a yi tiyata a ɗauke jakar ba tare da ta fashe ba. Ya ce ni da 'yata ma sai an yi mana hoto. An yi daga baya, ba a sami komai ba. Da na waiwaya kujerar Baba babu kowa.

A gindin dogon yaro na same shi, kusa da famfon da ake alwala. Ya cika buta ya ajiye a gabansa, bai taɓa ta ba. Na durƙusa. Na riga na shirya wa shirun, na ce a raina wannan karon sai dai a ƙirga da watanni.

"Baba, ka yi haƙuri. Tausai na yas sa ta."

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Ta ji abin da likita yac ce? Cewa in anka soka tana iya mutuwa nan take?"

"Ta ji."

"Kuma tay yi shiru."

Na gyaɗa kai.

"Kare dai dabba na," ya ce. "Wanda yab ba shi ruwa yana da lada, ni da bakina na karantar da haka. Da ta hwaɗa mani, hushi za ni yi in huce. Ashe matata ta gwammace a soke ta da ta ga hushina. Ina zaune ina jan tasbaha, da shaidata za a kashe ta."

Hawaye suka bi gemunsa. Ban taɓa ganin kukan Baba ba, ko ranar da aka binne ƙanena. Na rasa inda zan sa idona, sai na ɗauki butar na riƙe masa.

Inna kuwa har muka iso gida ba ta dube ni ba. Kuma zan faɗi gaskiya, ni ma haushinta na ji, haushi sosai. Na ce a raina, wato da na bari an soke ki shi ne 'yar albarka? Ƙwayoyin daga hannun Baba take karɓa, shi da kansa yake shiga har sashen mata ya kai mata da ruwa, mutumin da bai san hanyar murhu ba. Gwajin jini ya dawo ya tabbatar da abin da likita ya gani. Aka yi tiyata lafiya. Ni na yi jinyarta, ni ke juya ta, ni ke wanke mata zane, tana ce mini sannu yadda take ce wa nas.

Ta warke, ta koma dakanta, ta yi shekaru masu yawa bayan haka. Wanda ya gan mu ba zai ce akwai wani abu ba. Ta goyi 'ya'yana, tana aiko mini da daddawa da kuka duk ranar kasuwa. Sai dai da ni ce abokiyar sirrinta, ko ɗan kunne ta saya a ɓoye ni za ta fara nuna wa. Wannan ya ƙare. Duk Salla nakan je in durƙusa in ce, "Inna, a yahe muna," ita kuma ta ce, "Allah shi yahe muna baki ɗai." Kowa haka ake amsa masa, amma ni na san ba amsar tambayata ba ce. Sau da yawa na buɗe baki zan tambaye ta kai tsaye, sai in fasa. In ban tambaya ba ina da sauran fata.

Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke ta, cikin wata damina mai albarka, ina Isa ban iso ba sai da rai ya yi halinsa. Gwaggona ce ta yi mata wanka, ni ina zuba ruwa. Da aka zo gefen dama na ga tabon tiyatar, ya kai tsawon tafin hannuna biyu, ya yi fari ya lafe. Na ce wa gwaggo ta bar mini nan. Na sa hannu na wanke shi a hankali, sau uku, ina cewa, "Inna, ki yahe mani." Sai a lokacin na iya faɗa, da na san ba za ta ce a'a ba.